Dawanau biyu ce

A Kano idan aka ce Dawanau, sai ka saurari muryar mai magana kafin ka san wacce yake nufi. Akwai Dawanau ta kasuwar hatsi, inda tireloli ke kwana suna jiran lodin riɗi da zoɓo da waken suya da masara. Akwai kuma Dawanau ta asibitin masu taɓin hankali, wadda muka tashi muna tsokanar juna da ita. Ka yi wani shirme a cikin abokai, sai a ce saura ƙiris a kai ka Dawanau. Shekara uku ina bin titin Katsina kusan kullum zuwa ta farkon, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin da zai haɗa ni da irin aikin da ake yi a ta biyun ba.

Ni da abokina muka kafa kamfanin a ƙarshen 2020, bayan an fito daga kullen korona. Tare muka yi karatu a Jami'ar Bayero. Shi ɗan kasuwa ne gaba da baya, a rumfar mahaifinsa ya koyi gane riɗi mai ƙasa da wanda aka tace, ni kuwa abin da na iya shi ne rubuta manhaja. Tsarin ba wani mai wuyar fahimta ba ne. Manomi ko ƙaramin ɗan kasuwa ya kai kayansa wurin wakilinmu a kasuwar ƙauye, a auna, a duba, a shigar a waya. Mai saye a Kano ko Legas ya gani ya biya, kuɗi ya faɗa asusun mai kaya, mu kuma mu cire la'adarmu. A 2022 muka samu masu zuba jari uku, biyu a Amurka, ɗaya a Legas. Muka kama ofis mai ɗaki huɗu, ma'aikata suka kai goma sha huɗu, ban da wakilan ƙauyuka. A Oktoban wannan shekarar aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, sai ya zama duk taron matasa da za a yi a gari ana nemana in zo in yi jawabi.

Akwai wata magana da na yi a ɗaya daga cikin tarukan nan, wadda har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. Na tsaya a gaban yara 'yan jami'a, da babbar riga, na ce musu ni awa huɗu kawai nake barci, duk wanda yake son ya gina abu sai ya yi hannun riga da katifa. Aka tafa mini sosai. Ban san nawa ne a cikinsu suka koma gida suka gwada ba.

Gaskiya ne awa huɗun nake yi. Tsakaninmu da Kaliforniya awa takwas ne ko tara, ya danganta da lokacin shekara, don haka idan mai jari ya ce mu yi kiran bidiyo da ranarsa, mu nan sha ɗayan dare ne. In an gama sai in zauna rubuta rahoto, in duba lissafi, in tuna wani gyara a manhaja. Daga nan sai in shiga zauren WhatsApp na ofis in fara jefa saƙonni, ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu. Ban taɓa cewa kowa dole ya amsa ba. Amma ina danna saƙon in ga wa ya karanta, ƙarfe nawa, kuma washegari fuskar da nake yi wa wanda ya amsa daban take da wadda nake yi wa wanda ya yi barcinsa. Sun gane haka tun kafin ni in gane. Wannan shi ne laifin da ya fi yi mini nauyi a duk labarin nan, shi ya sa na faɗe shi da wuri.

Shekarar 2023 ta zo mana da abubuwa a jere, wani bai sauka ba wani ya hau. Canjin kuɗi ya faɗo a tsakiyar cinikinmu. Aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin suka shige banki, sababbin suka ƙi fitowa. A Fabrairu manomi ya kawo buhu goma, a ce masa an tura kuɗi, ya ce shi a ƙirga masa a hannu. Wanda ya yarda da tiransifa kuma ya yini yana jiran alat, sabis ya ƙi. Mai POS ya ɗauki kasonsa mai tsoka kafin ya ba shi abin da ya samu. Duk wannan fushin lambar waya ɗaya yake sauka a kai, lambar ofishinmu, kuma yarinya ɗaya ce ke ɗaga ta. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin dako ya bi ta. A Yuni dala ta tsallake daga wajen 460 zuwa sama da 700, mu kuma da dala muke biyan hayar rumbun da manhajarmu ke zaune a intanet. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, kayan da muka yi alkawari da wasu mutanenmu na Maraɗi suka maƙale. Masu jari da suke cewa mu faɗaɗa mu faɗaɗa, suka koma tambayar wata nawa kuɗin asusunmu zai kai mu.

Wannan tambayar ce ta tare a kaina. Ƙarfe uku na dare sai in farka kamar an tashe ni, zuciya na dukan uku-uku, in fara raba kuɗin asusu da albashin mutum goma sha huɗu. Amsar ba ta canzawa, amma sai na sake lissafin. Abinci ya daina yi mini daɗi. Da rana lemon ƙara kuzari na gwangwani, da dare shayi mai kauri. In tayar da salla in sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ko da Umma ce ke kira. Wata rana ɗana mai shekara biyar ya ture kofin shayi kusa da kwamfutata, na daka masa tsawar da ni kaina na tsorata da ita. Daga ranar ya daina shigowa falo idan ina ciki. Matata ta yi magana sau ɗaya, sau biyu, na ce mata kowa a ƙasar nan haƙuri yake yi. Ta yi shiru, amma ba shirun yarda ba.

Jiki magayi. Wata Talata a Nuwamba, kaka ta kankama, ina tuƙi zuwa kasuwa don a loda wa wani mai saye tirela biyu ta riɗi. Na wuce Kurna lafiya. Ina isowa Rijiyar Lemo na ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Numfashi ya ƙi isa, yatsuna suka mutu, gumi ya jiƙa rigata duk da sanyin hunturun da ya fara. Na gangara gefen titi na fito ina kalmar shahada, don na gama sakankancewa ajali ne ya zo. Wani mai shayi ya riƙo ni ya zaunar a bencinsa, ya yayyafa mini ruwa, yana ta cewa, "Sannu Alhaji, Allah ya sawwaƙe, wa za a kira?" Na miƙa masa wayar. Kafin abokina ya iso abin ya fara lafawa, sai kasala da kunya, ga jama'a sun zagaye ni.

A asibiti aka yi gwajin bugun zuciya, aka ɗebi jini, aka auna hawan jini. Likitan ya ce zuciyata lafiya lau, jinin ya ɗan hau amma ba na tashin hankali ba. Ya tambaye ni yaushe rabona da barcin awa bakwai. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta, ya ce in kai wa likitan ƙwaƙwalwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa, "Likita, ni fa da kaina na ke tafiyar da kamfani, mutum sama da hamsin ke ci a ƙarƙashina. Ni za ka tura Dawanau?" Ya ce shi bai ambaci Dawanau ba, kuma ko can ɗin ma asibiti ce kamar kowace. Na ninke takardar na cusa a aljihun mota, na wuce kasuwa aka yi lodi.

Kwana goma na yi ina gaya wa kaina yunwa ce da rashin barci. Ranar Juma'a abin ya dawo mini a cikin sahu, liman na huɗuba, babu hanyar fita sai an tsallake mutane. Na dafe tabarma ina jin kamar masallacin zai rufto. Da daddare matata ta fito da takardar daga mota ta ajiye a gabana, ta ce, "Abbansu, ko ka je da ƙafarka, ko in gaya wa Umma komai." Duka biyun aka yi, don ta riga ta gaya mata.

Ni ɗan fari ne, Umma ba ta kama sunana. Ta zo da sassafe ta zauna, ta dube ni ta ce da matata, "Wannan ai baki ne. Kullum yana gaban jama'a ana nuna shi a waya." Ta aika aka kira limamin unguwarmu, wanda a hannunsa na yi karatun allo. Ya yi mini ruƙiyya, na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Da ya gama sai ya sa kowa ya fita, ya tambaye ni yadda nake kwana da yadda nake yini. Na faɗa masa. Ya ba ni labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda ya tarar ba ya barcin dare, ba ya cin abincin rana, iyalinsa ta yi watsi da kanta. Salmanu ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da maganar ta je wa Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Malam ya ce, "To wannan fa ibada ce ta hana shi barci aka tsawatar masa, kai kuma riɗi. Ka je wurin likitan, abin da ya ba ka ka sha. Addu'a muna nan muna yi."

Ban je Dawanau ba. Na zaɓi asibitin koyarwa da ke can titin Zariya, ɗaya ƙarshen gari, don kada in yi karo da wani ɗan kasuwa da ya san ni. Likitar dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta yi mini tambayoyi kusan awa guda, ina ta kewaye-kewaye, har ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Nan na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, cewa akwai dararen da nake jin da ma in kwanta kada in tashi, kowa ya huta. Ba ta zaro ido ba. Ta tambaye ni ko na taɓa shirya yi wa kaina wani abu, na ce a'a. Ta ce duk ranar da tunanin ya yi ƙarfi kada in jira ranar ganin likita, in taho ko a tsakar dare, kuma matata ta san da wannan.

Ta raba mini abubuwan gida-gida. Abin da ya same ni a Rijiyar Lemo firgici ne, jiki ke buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin, yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci ya sauka, ba ya kisa ko da yake mai shi ji yake mutuwa ce. Ƙarƙashinsa akwai ciwon damuwa, wanda ake ganewa idan ƙunci da rashin jin daɗin komai suka zarce mako biyu suna hana mutum rayuwarsa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai ƙonewar da aiki ke yi wa mutum. Ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani aikin da a da yake so, kuma abin da yake yi ya daina kyau. Na ce mata na ukun bai same ni ba. Ta ce in tambayi abokan aikina. Ta rubuta magani, ta ce sai ya yi makonni kafin in ji amfaninsa, kada in ga sauƙi in yar da shi kwatsam. Ta hana ni lemon gwangwanin. Sannan ta rubuta hutun mako huɗu.

Maganin na karɓa ba gardama. Hutun ne ya zame mini tashin hankali, a tsakiyar kaka.

Da muka zauna da abokina don in miƙa masa ragama, sai muka ga abin kunya. 'Yar na'urar banki tana hannuna. Kalmomin sirrin rumbun manhaja a kaina kawai suke. Babu biyan da ya wuce wani adadi da zai fita sai na danna. Manyan masu saye lambata kaɗai suka sani. Kwana uku muka yi muna kwance ƙullin da na shekara uku ina ɗaurawa, ina kiransa riƙon amana. Abokina ya ce, "Wallahi da a Rijiyar Lemo ka cika, ko albashin watan ba za mu iya biya ba." Na rubuta wa masu jari gaskiya. Ɗaya daga Amurka ya amsa cikin awa guda cewa shi ma ya taɓa shiga irin wannan, in tafi in huta. Wani bai amsa ba sam, kuma daga baya da muka nemi ƙarin kuɗi ya janye. Ko saboda wasiƙar ce ko saboda halin kasuwa, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kazaure na tafi, gidan Kawu. Matata ta karɓe babbar wayar ta ba ni ƙaramar mai tocila, wadda mutum huɗu kawai suka san lambarta. Duk wanda ya ce maka hutu daɗi ne daga ranar farko, bai gaji irin wannan gajiyar ba. Makon farko azaba ce. Hannuna ya riƙa lalubar aljihu. Ina farkawa ƙarfe uku ɗin dai, sai dai yanzu babu abin da zan duba. Maganin ya sa ni tashin zuciya. Na roƙi wani yaron gidan ya ara mini wayarsa in leƙa imel, ya kai ƙarata wurin Kawu. A mako na biyu ne na yi barcin da na farka rana ta fito, har na makara sallar asuba, Kawu ya ce shi ya hana a tashe ni, ya ga ba ni cikin hayyacina. Na fara bin sa gona ana sussukar dawa, da yamma in taka zuwa bakin ruwa in zauna. Ranar da na ji ƙamshin miyar kuka ya tayar mini da yunwa, sai da na yi hawaye.

Kawu bai san mene ne manhaja ba, kuma bai nemi ya sani ba. Amma kakansu falke ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakai kafin jirgin ƙasa ya kashe wannan hanyar, kuma labaran suna bakinsa. Wani dare a ƙofar gida na ba shi labarin kamfani, ina ta nanata cewa ni ne madugu, in na tsaya kowa ya tsaya. Ya ce haka ne, madugu uban tafiya. Sai ya tambaye ni ko na san babban aikin madugu. Na ce sanin hanya. Ya ce wannan na jagaba ne. Aikin madugu shi ne ya san inda za a ya da zango da kwana nawa za a yi a can, a sauke wa dabbobi kaya, a duba masu gyambo a baya, mata su yi girki, masu ciwon ƙafa su warke. Zangunan nan ne ma wasu suka zama unguwanni, shi ya sa har yau a Gana ake kiran unguwar Hausawa zango. Ya ce, "Kuma ka sani, ɗana, madugu a kan doki yake. Ba da gajiyarsa ake auna zango ba, da ta masu tafiya a ƙasa ake aunawa. In har mai doki ya faɗi don gajiya, to ina labarin na ƙasa?"

Ban yi barci da wuri ba a daren. Mako uku ina jinyar kaina, ina jin tausayin kaina, ban taɓa tsayawa na yi wannan tambayar ba. Ni ke da kaso a kamfani, ni ake kira taro, in abu ya yi kyau sunana za a ambata. Su albashi kawai ke gare su, wanda tsadar rayuwa ta riga ta cinye rabinsa.

Na dawo a ƙarshen Disamba na tarar kamfani na nan. An rasa mai saye ɗaya, wata tirela ta yi lattin kwana huɗu, abokina ya yanke wani farashi da ni ba zan yanke ba. Shi ke nan. In faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya ji haushin yadda abubuwa suka tafi ba ni.

Na tara su na gaya musu inda na je da abin da ya same ni, da sunansa, ban ce zazzaɓi ba. Na tambaye su yadda suke. Kowa ya ce, "Alhamdulillahi, Oga." Sai Akanta ta ba da shawara in fita, kowa ya rubuta a takarda ba suna, a zuba a kwali. Na karanta su ni kaɗai a mota. Wani ya rubuta cewa yana sa ƙararrawa ƙarfe biyu na dare don ya duba ko na turo saƙo. Wani ya ce gyambon ciki ya kama shi, ya ɓoye don kada a ce rago ne. Wani ya ce ranar sunan 'yarsa a ofis ya yini. Wani ya ce watan da ba na nan shi ne watan da ya fi jin daɗin aiki. Takarda ɗaya kuwa ko ba suna na san mai ita. Ta ce lokacin canjin kuɗi an zagi iyayenta a waya fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, banɗaki take shiga ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo ta ɗaga wani kiran, kuma takardar ajiye aikinta ta wata tara a jakarta. Teburinta taku biyar ne daga ƙofar ofishina.

A takardar ɗaukar aiki mun rubuta wa kowa hutun kwana goma sha biyar a shekara, muna ma alfahari da cewa ya ninka kwana shida da dokar ƙwadago ta wajabta. Da Akanta ta duba, a shekara uku babu wanda ya taɓa cinye ko rabinsa. Wa zai nemi hutu a wurin mutumin da ke alfahari da barcin awa huɗu? Na karanta cewa a 2021 kamfanonin LinkedIn da Bumble sun rufe na mako guda, ma'aikata suka tafi hutu a lokaci ɗaya, don kada mutum ya dawo ya tarar aiki ya taru yana jiransa, kada kuma ya ji shi kaɗai ya gudu ya bar 'yan'uwa. Dabarar ta burge ni, amma su ba su da manomin da kuɗinsa ya maƙale a ranar kasuwar Maigatari. Sai muka yanka ta daidai wuyanmu. Muka zaɓi ƙarshen Agusta, lokacin da tsohon kaya ya ƙare, sabo bai shigo ba, hanyoyin ƙauye sun cika da ruwa. Ofis ya rufe mako guda, mutum biyu su tsaya gadin waya a biya su, su kuma su tafi nasu makon da zarar mun dawo. Yaran da kansu suka sa masa suna zango, bayan na ba su labarin Kawu. Aka rufe zauren WhatsApp daga sallar isha'i zuwa safiya, in wani tunani ya zo mini da dare in rubuta a littafi. Ranar Juma'a ana tashi masallaci an tashi ke nan. Wayar kwastomomi ta koma karɓa-karɓa tsakanin mutum uku, kuma duk wanda aka zaga yana da izinin kashe kiran. Wanda yake son ganin likita ya kai wa Akanta rasit, ni ba na ganin suna.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya gyaru. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kafin azumi muka sallami mutum huɗu. Babu zangon da ke biyan kuɗin haya ga wanda aka sallama. Yarinyar wayar ma ta tafi, wata biyu bayan dawowata. Na ba ta haƙuri a gaban kowa, ta ce ta yafe, amma ta ce ko ƙarar wayar ofis ɗin ta ji sai cikinta ya murɗa. Wakilanmu na ƙauye kuwa la'ada suke ci, ranar da ba su fita ba babu ko sisi, don haka maganar hutu a wurinsu kamar zolaya ce. Mun yi ta muhawara da abokina a kan a ware musu wani abu a damina, har yau lissafin bai ba mu ba. Ni kaina a Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi fiye da mako guda babu wutar lantarki muna ƙona kuɗi a janareto, farkawar ƙarfe ukun ta dawo dare uku a jere. Bambancin kawai shi ne na gane ta. Na gaya wa matata, na miƙa wa abokina na'urar banki, na ɗauki kwana huɗu.

Ɗana ya dawo shiga falo, amma sai da aka ɗauki watanni. Har yanzu in zai ajiye kofi kusa da ni sai ya dubi fuskata.

Ina komawa titin Zariya duk bayan wata uku. Zuwan da na yi na baya-bayan nan, na karɓi katina na nemi wuri a benci, sai na ga hular da na sani. Wani babban Alhaji ne daga layin 'yan riɗi, mai sito uku, mutumin da ko a kasuwa sai na rusuna nake gaishe shi. Babu wurin ɓuya, ya riga ya gan ni. Na je na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Injiniya, kai ma wani ka kawo?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Ni na kawo kaina."

Ya daɗe yana kallon ƙasa yana jan carbi. Sai ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, ya zaro nasa katin daga aljihun gaba ya ɗora a gwiwa, da sunansa a jiki. Ya ce shi ma don gudun idon 'yan kasuwa yake tsallako gari tun daga Bachirawa. Muka zauna muna jiran a kira mu, yana tambayata nawa aka sayar da buhun riɗi jiya a Legas.